Masu Ƙera Manhaja, Ku Zo Kasuwa Ku Gwada Alamominku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi magana da matasanmu masu ƙera manhajojin waya, da bankuna da hukumomin da ke ba su aiki. Maganar a kan ƙananan alamomin nan ce da ke kan fuskar waya, waɗanda ake dannawa a yi kira, a tura kuɗi, a goge saƙo. Masu aikin suna ɗaukarsu ado, abin da ake liƙawa a ƙarshe bayan an gama aikin gaske. A wurin mafi yawan mutanen da nake hulɗa da su kuwa, waɗannan alamomi su ne rubutun ɗungurungum. Wanda bai yi boko ba ba ya duban kalmar Turancin da ke ƙarƙashin maɓalli. Siffa yake gani, da launi, da wurin da abin yake zaune.

Ni asalin sana'ata zanen allunan shaguna ne a nan Sakkwato. Da injinan buga hotuna suka zo suka rage mana ciniki, sai na koyi zane a kwamfuta, na kuma buɗe rumfar POS da saita wayoyi a gefen Tsohuwar Kasuwa. Mai zanen allo ya san cewa ɗan kabu-kabu da ke wucewa a guje ƙiftawar ido ɗaya gare shi, don haka tela keken ɗinki ake zana masa, mai aski a zana masa kai da almakashi, kuma a yi su da kauri yadda za a hango daga tsallaken titi. Alamar manhaja ma haka take, sai dai ita idan an karanta ta ba daidai ba, kuɗin mutum ne ke tafiya.

Kada wani ya ce mutanenmu ne ba su iya karanta alama ba. Tun Jamhuriya ta Farko da alama ake zaɓe a ƙasar nan: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. A 1979 ga gida da masara na NPN, jam'iyyar da ta kai Alhaji Shehu Shagari kan mulki, ga mabuɗi na PRP. Yau tsohuwa a Gwadabawa ko Tangaza ba ta haɗa lema da tsintsiya a takardar ƙuri'a. Me ya sa waɗannan suka zauna? Abubuwa ne da ke hannun mutane kullum, siffar kowanne ta yi nesa da ta ɗan'uwansa, sannan ba a sauya su daga wannan zaɓe zuwa wancan.

Alamomin da ke cikin wayoyinmu kuwa daga wani gida suka fito. Kwamfutar Xerox Star ta 1981 da Macintosh ta kamfanin Apple ta 1984 su ne suka yaɗa dabarar mayar da fuskar kwamfuta teburin ofis, da fayil da takarda da kwandon shara. Susan Kare, wadda ta zana alamomin Macintosh na farko, a littafi mai gidaje-gidaje ta riƙa zanensu, gida 32 a tsaye 32 a kwance, kowane gida ko dai baƙi ko fari. Ina girmama aikinta ƙwarai, domin da wannan ɗan fili ta fitar da siffofin da ma'aikacin ofis a Amurka zai gane nan take. Ta dubi teburin mutanenta ne ta zana abin da ke kai. Mu kuma sai muka kwafo zanen, muka bar dabarar da ta haife shi.

Ga alamar adana aiki da har yau ake gani a wasu manhajojin, wato hoton faifan fulofi, wanda a dā ake adana aikin kwamfuta a ciki. Kamfanin Sony ya daina ƙera shi tun 2011, kuma abin da yake ɗauka gaba ɗaya, megabait 1.44, bai isa hoto ɗaya na wayar yanzu ba. Yaran da ke koyon aiki a rumfata ba su taɓa riƙe shi ba. Madubin ƙara girma da ake nufin bincike da shi, matan da ke zuwa wurina ludayi suke ce masa. Haƙoran inji na saituna, wasu fure suke gani, wasu rana. Layukan nan uku da ke kusurwa, waɗanda Norm Cox ya zana wa Xerox Star don su nuna jerin abubuwa, da wuya ka ga dattijo ya taɓa su, alhali a bayansu ake ɓoye rabin abin da manhajar ke yi. Mafi muni shi ne wanda na gani a wata manhajar ajiyar kuɗi: hoton alade mai tsaga a baya, wai asusu. A ƙasashen Turawa yara a irin wannan suke tara kuɗi. A Sakkwato, garin Shehu, wa zai sa yatsa a kan alade ya ce zai ajiye halaliyarsa? Ga asusunmu na ƙasa da kowane yaro ya taɓa fasawa ana gobe Salla, amma wanda ya kwafo zanen daga intanet bai tsaya ya tuna da shi ba.

Ba cewa nake a sake zana komai ba, kuma nan ne nake saɓa wa wasu abokaina masu kishin a Hausantar da kowace alama. Akwai waɗanda jama'a sun riga sun haddace, a bar musu abinsu. Kan tarho na zamanin wayar tebur, yawancin masu danna shi ba su taɓa ganin na gaske ba, amma kowa ya san kore ɗauka ne, ja kashewa. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, yau 'yar makirufon nan ba wanda bai santa ba, har wanda bai san harafi ko ɗaya ba yana cinikin awaki da ita. Alamomin nan biyu masu zama shuɗi idan an buɗe saƙo sun zo a 2014, kuma ba wanda ya buɗe aji don koyar da su. An koye su ne saboda ana danna su safe da yamma, sakamako na fitowa nan take, kuma kuskure ba ya cin ko sisi. Manhajar banki ba haka take ba. Manomi sau ɗaya ko biyu a mako zai buɗe ta, gabansa na faɗuwa, kuma ba ya da damar koyo ta hanyar gwaji. Dole alamar ta faɗi abin da take nufi tun ganin farko.

Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, mutanen da ba su taɓa tunanin buɗe manhajar banki ba dole ta sa suka buɗe. A cikin kwanakin nan wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta zo rumfata, wayarta a ƙulle cikin leda, ledar a ƙulle a bakin mayafi. Ɗanta da ke neman kuɗi a Ikko ne ke turo mata na cefane. Hannunta na rawa ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, duba mani wagga waya, kuɗɗina sun tahi." Na buɗe. A gurbin da ta saba ganin lambobi sai taurari huɗu a jere. Ita ba ta karanta lambobin, amma ta san tsawonsu, ta san idan sun ƙaru da idan sun ragu. A gefen taurarin akwai wani ɗan ido ruwan toka da aka ja wa layi a tsakiya, wanda jikanta ya taɓa yana wasa. Na danna shi, lambobi suka dawo. Na ce, "Inna, kuɗinki na nan, ba wanda ya taɓa su, rufe su aka yi don kada wani ya leƙa." Ta zauna a kan benci ta daɗe tana sauke numfashi, sannan ta ce, "To mi yah hana su hwaɗa mani ruhe su anka yi?" Daren jiya ba ta runtsa ba, kuma ta riga ta zargi matar ɗanta a zuci. Ɗan idon nan dabara ce mai kyau, ni kaina ina amfani da shi a cikin kasuwa. Amma an yi shi ƙanƙane, an ba shi launin da ba ya fita, ba a sa masa kalma ba, kuma taurarin ba su ce komai ba. Da an zana lambobin a bayan wani labule ko murfi, aka rubuta "An ɓoye" da manyan baƙaƙe, da matar nan ta yi barcinta.

Wani mai albasa daga wajen Wurno kuma katin waya na ₦20,000 ya saya wa lambar mai mota, a maimakon ya tura masa kuɗin lodi. Maɓallan biyu suna maƙwabtaka, launinsu ɗaya, kowanne hoton waya ne da 'yar kibiya. Ba jahilci ba ne. A 2020, da Google ya mayar da alamomin Gmail da Drive da Calendar da Meet duk launuka huɗu iri ɗaya, masu digiri a duniya suka yi ta ƙorafin cewa ba sa bambance su da sauri. Idan haka ta faru ga wanda ke iya karanta sunan da ke ƙasa, ina ga mai albasa da ke tsaye a bakin mota direba na yi masa oda?

Sai maganar rana, wadda nake ganin masu zanen ba su taɓa kawo ta a rai ba. Tun 2013, da Apple ya fitar da iOS 7, sabon tsarin wayoyinsa na iPhone, aka koma yayin alamomi marasa inuwa masu siririn layi, Google ma ya biyo da nasa tsarin mai suna Material Design a 2014. A ofis mai sanyi, a kan babbar kwamfuta, siririn layi ruwan toka a kan fari yana da kyan gani. A Sakkwato cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rana na dukan gilashin waya, mai ita ya rage hasken don caji ya kai shi dare tunda ba wuta, gilashin ya tsage an ɗora masa wani a kai, wayar kuma ƙaramar Itel ce ko Tecno, to wannan layi babu shi. Sai ka ga dattijo ya shiga da waya cikin babbar riga yana leƙe. Ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa shafukan intanet ga kowa ta ce hasken alama da na bangon da take kai su bambanta aƙalla ninki 3. Ni a nan zan ce a wuce haka, kuma a cike cikin siffar, kada a bar ta zane fanko. Google da kansa ya ce wurin dannawa kada ya gaza ma'auni 48 a tsaye da kwance, wato kusan milimita 9. Yatsan manomi da ya sha fartanya ko na majemi ba irin na ɗan ofis ba ne, yana bukatar wannan fili har da ƙari, da tazara tsakanin maɓalli da maɓalli. Kuma kada a dogara da ja da kore kaɗai wajen raba kuɗin da suka fita da waɗanda suka shigo. Akwai masu larurar ido, yawanci maza, da ba sa raba launukan biyu, rana ma tana kashe su.

Kibiya kuwa ita ce ta fi ba ni tunani. Ɗan boko ya saba karatu daga hagu zuwa dama, don haka kibiya mai kallon dama a wurinsa ci gaba ne. Malamin da ya tashi da allo da Alƙur'ani da ajami idonsa daga dama yake farawa, gabansa hagu ne. Apple da Google sun san da wannan, shi ya sa idan aka mayar da waya Larabci kibiyoyin gaba da baya suke juyawa. To amma malaminmu wayarsa da Turanci aka saita ta, idonsa kuma na Larabci ne, ba wani saiti da ya san da zamansa. Irin waɗannan masu karatu ba kaɗan ba ne a ƙasar nan, shi ya sa har yau takardun ₦200 da ₦500 da ₦1,000 ke ɗauke da ƙimarsu da ajami, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007. Wata mai bincike a cibiyar Microsoft da ke Indiya, Indrani Medhi, ta yi aiki da mata 'yan aikatau marasa karatu a birnin Bangalore wajejen 2006, ta ci karo da irin wannan: Musulmin cikinsu, da suka saba da rubutun Urdu, daga dama suke fara bin jerin hotuna. Ta kuma gano cewa zanen hannu mai sauƙi ya fi hoton kyamara saurin fahimta, ya kuma fi alama tsagwaronta, kuma dole a nuna aikin yana gudana. Kwanuka kaɗai ba su nuna wanke-wanke ba, sai da aka zana ruwa na zuba a kansu. Ba ta zauna a ofis ta gano wannan ba, unguwannin matan ta riƙa shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne inda duk wannan ke kai mutane. Wanda ya tsorata da maɓalli sai ya miƙa wa wani waya, ya kuma faɗa masa lambar sirri. Kullum sai an miƙo mini, wani ma da ƙarfi zai faɗi lambar ga mutane a tsaye. Matan da ba sa fita su aiko yaro da waya da lamba a 'yar takarda. Ina jin tsoron Allah a kan amanar, amma ba kowace rumfa ce haka ba, kuma labarin waɗanda aka kwashe wa kuɗi ta wannan hanya ba baƙo ba ne a kasuwa. Bankuna na ta shela a rediyo cewa kada a ba kowa lambar sirri. Mutumin da ba a ba shi hanyar yin abin da kansa ba, me ake so ya yi da wannan shela?

Kwanakin baya wasu ɗalibai suka zo mini da manhajar adashi da suke haɗawa, suka ce in zana musu alamomi. Na ce to, amma da sharaɗin za mu fita da su kasuwa kafin a sa ko ɗaya a waya. Na zana kowace a kan 'yar takarda daidai girman da za ta fito a waya, muka bi layin masu hatsi da na masu atamfa da na mahauta. Ba ma yin bayanin komai. Mu nuna kawai mu ce, "Alhaji, idan ka danna wannan, me kake jin zai faru?" Sai mu yi shiru. Shirun nan ne ya fi yi wa ɗaliban wuya, bakinsu na ƙaiƙayi su fassara, ni kuma ina hana su, domin ranar da manhajar ta fita ba za su kasance a gefen kowa ba. Kwano shi kaɗai, wasu suka ce wurin sayen abinci ne, wasu suka ce sadaka. Kwano da hannu yana saka takardar kuɗi a ciki, nan take aka ce zubi. Hannu yana fitowa da damin kuɗi, aka ce kwasa. Asusun ƙasa mai tsaga, ba wanda ya tsaya tunani. Wata mai ƙosai ma ta gyara mana zanen da kanta, ta ce a naɗe takardar kuɗin kamar yadda ake naɗe ta kafin a tura cikin tsagar, kuma da aka naɗe ɗin ta fi fitowa. A ƙarƙashin kowace muka sa kalma ɗaya ta Hausa: Zubi, Kwasa, Ajiya. Na matsa musu su zaɓi rubutun da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ, don kada su zama akwatuna a wayar mutane. Suka kuma sa murya, yadda idan an danne alama an riƙe za ta faɗi sunanta da Hausa. Wannan suna da ake liƙa wa alama a cikin manhaja shi ne TalkBack na wayoyin Android ke karanta wa makafi, kuma idan ba a sa ba sai ya ce musu maɓalli ne marar suna.

Roƙona ga malaman sashen kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi shi ne, ɗalibin da ya haɗa manhaja a aikinsa na ƙarshe kada a ba shi maki sai ya kawo shaidar ya gwada alamominsa a kan mutanen da ba su yi boko ba, maza da mata, a rana ba a inuwa ba, a kan ƙaramar waya ba tasa ba. Ga bankuna da kamfanonin tura kuɗi kuma, da Babban Banki zai tara su su amince da siffa ɗaya ta tura kuɗi, ɗaya ta karɓa, ɗaya ta duba abin da ya rage, ɗaya ta sayen kati, da wanda ya koya a wannan manhaja ya iya a waccan. Kuma don Allah idan za a sabunta manhaja a bar maɓalli inda yake. Mutane da yawa wuri suka haddace, na biyu daga dama a layin sama. Duk ranar da aka yi sabuntawa aka jujjuya su, washegari layin da ke rumfata sai ya ninka.

Akwai alama ɗaya da har yanzu ta gagare mu ni da ɗaliban, ita ce ta bashi. Littafi da biro, aka ce makaranta. Hannu biyu suna miƙa wa juna kuɗi, aka ce kyauta. Kuɗi da agogo a gefe, aka ce lokacin rufe banki. Muna neman siffar da za ta nuna an karɓa amma za a mayar, wadda kuma ba za ta kunyata mai danna ta a gaban mutane ba, tunda kowa ya san yadda ake sirrinta cin bashi a garin nan. Idan a cikin masu karanta wannan jarida akwai mai zane, ko baduku, ko mai ɗinkin hula, ko uwar adashi da ke da shawara, ya aiko ta hannun Edita, zan zana ta in zaga da ita kasuwa mu ji abin da mutane za su ce.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai zanen alluna kuma mai rumfar POS,
Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato.